Yadda Na Binne Ƙasar Baba

Tun farko bari in wanke kowa: ba wanda ya ce in sa hannu. Ni na miƙe da ƙafafuna, na kifa hular kwano a kai, na buga ƙirji na ce cikin kwana goma zan mayar da gandun Baba abin da za a riƙa tahowa kallo daga nesa. Kuma an taho kallon, wannan kam ban yi ƙarya ba.

Shekara shida na yi a birni ina aiki da kamfanin gina hanya. Idan na zo gida aka tambaye ni matsayina, sai in ce ni ke kula da zirga-zirgar manyan injuna. Gaskiya ne kuwa, don ni ne mai ɗaga jar tuta da koriya a bakin titi. Da aikin ya ƙare na dawo gida da hular kwano, da riga mai ƙyalli, da sunan Injiniya. Ban sani ba ko da zolaya aka fara kirana haka, ni dai na amsa da sauri tun kafin a sake shawara.

Gandun Baba babba ne, amma gefen gabas ne ransa. Shekara talatin da ɗaya yana zuba wa wurin taki da kwando, har ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ta yi laushi kamar gari. Sai ga masu haƙar tsakuwa sun gano cewa a ƙarƙashin wannan ƙasar akwai abin da suke nema. Aka yi ta jeka-ka-dawo kafin Baba ya yarda, shi ma da sharaɗi ɗaya: za su kwashe baƙar ƙasar su tara ta gefe guda, su ɗebi tsakuwarsu rani ɗaya, sannan su cike ramin su mayar masa da ita inda suka same ta kafin ruwan farko.

Mutanen sun cika alkawari. Da suka gama, tsibi uku suka bari a bakin ramin: na tarkacen duwatsu, na jar ƙasa mai yumɓu, da na baƙar ƙasar Baba. Shi kuwa Baba yanar ido ta rufe masa ido biyu, shekara huɗu ke nan ba ya ganin komai sai hazo-hazo. Kullum da safe ƙanwata Auta za ta riƙe masa sanda ta kai shi gaban baƙin tsibin, ya cusa hannu a ciki, ya gaishe shi, su dawo.

Ana saura kwana biyu a fara cike ramin, asibiti ya aiko cewa layin aikin idonsa ya zo. Mako biyu zai yi a birni.

Ya ce, "Auta, ki tsaya a kan aikin nan. Ranar da aka buɗe min ido, abin da nake so in fara gani ƙasata ce a wurinta."

Na ce, "Baba, ina zaune a nan ka ce Auta?"

"Na san kana nan. Muryarka ba ta ɓuya."

Abin ya sosa min rai, ba zan ɓoye ba. Na kwana biyu ina shirya magana, na nuna wa kowa a gidan cewa jinya sai mace, cewa ni ko ɗiga maganin ido ban iya ba, zan iya zuba masa a kunne. Haka na yi ta yi har aka yanke cewa Auta ce za ta raka shi. A bakin mota ta ja ni gefe.

"Yaya, aikinka ɗaya ne. Ka kai wa direban katafila ruwan sha. Ya san aikinsa."

"Ke dai ki kula da ɗigon magani, ki bar wa masu ilimin ƙasa ƙasa."

Washegari na isa bakin ramin cikin cikakkiyar shiga. Direban katafilar wani dattijo ne siriri, mai tauna asuwaki, wanda ba ya son doguwar magana. Ya riga ya juya bakin motarsa wajen tsibin duwatsu. Na ɗaga masa hannu kamar yadda na saba, ya tsaya.

Na ce, "Malam direba, wane tsari za ka bi?"

"Duwatsu a ƙasa, ja a tsakiya, baƙa a sama. Yadda muka same ta."

"Yadda kuka same ta! Ka ji abin da ya hana mu ci gaba. Bari in tambaye ka. Saiwa ina take nufa, sama ko ƙasa?"

"Ƙasa."

"To abincinta a ina ya kamata a ajiye mata?"

Ya cire asuwakin daga baki ya dube ni. "Ranka ya daɗe, saiwar masara ba ta wuce kamu biyu. Ramin nan ya shanye mutum a tsaye."

"Za ta miƙe. Yunwa za ta miƙar da ita. Ban da haka, ƙasar da ke sama iska na ɗiba, ruwa na wankewa, kaji na tonawa. Wa ke ajiye abu mai daraja a waje? Baƙa a ƙasa, duwatsu su danne ta, ja a sama don kyan gani."

"Mai gonar ya san da wannan?"

"Ni ne babban ɗansa. Kuma ka ga hular nan? Ba a kasuwa na saya ba."

Direba bai ƙara musu ba. Ya leƙa ta kan shinge ya kira maƙwabcinmu, wanda kowa ke kira Mai Shanu saboda bijiman huɗarsa biyu, ya ce ya zo ya zama shaida. Sannan ya ciro wayarsa ya saita ta a bakina.

"Maimaita abin da ka ce, don Allah. A hankali."

Ni a zatona ilimi yake son adanawa. Na gyara hula, na gyara murya, na maimaita, har na ƙara da cewa duk abin da ya biyo baya a wuyana, ni Injiniya, kuma nan da shekara biyu ƙasashen waje za su aiko a koyi wannan dabara. Mai Shanu ya tsaya baki buɗe. Na ɗauka burge shi na yi.

Kwana uku katafila na aiki. Ina tsaye ina kallo baƙar ƙasar Baba ta gangara ramin, duwatsu suka bi ta, ja ta rufe. Da direba ya ce ya gama, na duba wurin na ga tudu da kwari, ko'ina burji-burji. Raina bai kwanta ba. A kamfaninmu ba a taɓa barin ƙasa haka sakaka ba.

Na ce, "Ina rolar da kuke danne hanyar tifofinku da ita?"

"Gona ce fa, ranka ya daɗe."

"Gona ba ta son kyau?"

Ya sake ciro waya. Na sake jawabi.

Aka kawo rola da tankar ruwa. A yayyafa, a danne, a yayyafa, a danne. Mai rolar ya ce sau huɗu ya isa, na ce mu a wajenmu sha biyu ne ƙa'ida. Da rana ta daki wurin kwana biyu, sai ga fili ja wur, sumul, yana ɗaukar ido. Wallahi na tsaya a tsakiyarsa har ƙwalla ta taru min don jin daɗi. A ranar na aika wa malamin gona, wanda shi zai duba ya sa hannu cewa ƙasa ta koma yadda take, na ce ya zo ranar da Baba zai dawo. Na kama rumfa da kujeru da lasifika. Duk wanda na haɗu da shi a hanya na gayyace shi, har da waɗanda ba ma gaisawa.

Mutane ba su jira ranar ba. Da na fito da safe na tarar mata sun shanya barkono da rogo a gefe ɗaya, ko tabarma ba su shimfiɗa ba. A ɗaya gefen wani tela yana koya wa ƙaninsa tuƙin babur.

Na daka musu tsawa. "Kai! Gona ce wannan!"

Wata tsohuwa ta ɗago kai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Tun da nake shanya ban taɓa samun daɓe irin wannan ba. Ko tsakuwa ɗaya babu."

Da na koma gida matata ta tare ni da fara'a. "Maigida, wai da gaske ne jirgin sama zai fara sauka a gonarmu? A bakin rijiya aka faɗa."

"Masu hassada ne."

"To ni dai na ce musu idan ya zo ni zan fara shiga."

Don in rufe bakin mutane, na roƙi Mai Shanu ya kawo bijimansa ya ja kunya ɗaya tak, kowa ya gani. Ya zo yana murmushin da ban so ba. Ya kafa garma, ya yi wa shanu magana, suka ja. Garmar ta tafi suuu a kan filin tana ƙara, ko zane ba ta yi ba. Ya hau kanta da ƙafa biyu, suka sake ja. Sai da na ga tartsatsin wuta, sannan bakin garmar ya ɓalle ya yi tsalle ya faɗa cikin barkonon tsohuwa. Bijimi ɗaya ya waiwayo ya dube ni, ya durƙusa ya kwanta abinsa.

Mai Shanu ya ce, "Injiniya, a ina za a sa fitilun kan hanya?"

"Shanunka ne ba su ƙoshi ba."

"Haka ne. Gobe zan kawo giwa."

A nan ne na garzaya wurin masu tsakuwa in ce a dawo da katafila a ɗan sassauta saman. Na tarar ana ɗaure ta a bayan babbar mota, za a kai ta wani aiki mai nisan kwana biyu. Direba ya ɗaga min asuwaki daga sama.

Mai hankali a nan zai tsaya ya kira Auta ya faɗi gaskiya. Ni sai wata dabarar ta faɗo min. Na ce ai ba dole sai masara ba, gyaran ƙasa na zamani da itatuwa ake yi. Idan Baba ya buɗe ido ya ga lambu kore shar, wa zai tuna da launin ƙasa? Na samo dashen mangwaro arba'in a cikin ledojinsu, na ɗauki diga na nufi fili.

Sara na farko, digar ta dawo ta kusa cire min hula. Na koma na ari dagi, wannan dogon ƙarfen haƙa rami. Kwana biyu ina dukan wuri, tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe, abin da na samu ramuka arba'in ne, kowanne faɗinsa bai fi a zura sanda ba. Dashen da ƙasar ledarsa ko kusa ba zai shiga ba. Na zauna ina kallon ramukan, ina kallon dashen, gobe kuma Baba zai dawo.

Sai idona ya sauka a kan mangwaron Mai Shanu, wanda rassansa suka tsallako shingenmu. Idan dashe ba zai shiga ba, ai reshe zai shiga.

Da sassafe ranar taro na sare rassa arba'in masu ganye, na fiƙe gindin kowanne da adda, na soke su a ramuka layi-layi, na yayyafa ruwa. Daga nesa, wallahi, lambu ne. Na yi wanka na sa riga mai ƙyalli, ƙarfin gwiwata ya dawo har ya fi na da.

Kafin hantsi rumfa ta cika, har ana tsaye a rana. Malamin gona ya iso da jakarsa da wani siririn ƙarfe na gwada ƙasa. Direban katafila ma ya zo, don bai bi katafilar ba, kamfaninsu ya aiko shi ya karɓi takardar da za a sa wa hannu. Can sai ga motar haya ta tsaya. Auta ta fito, ta fito da Baba, sanye da baƙin tabarau, yana tafiya da kansa ba sanda. Auta ta dubi filin, ta dube ni, ta dafe kai. Na yi kamar ban gani ba, na kama lasifika.

Na yi jawabi mai tsawo. Na yi maganar zamani, na yi maganar masu hangen nesa da yadda ba a gane su a garinsu. Ina cikin yi na ji ƙarar ƙarfe, ƙwal, ƙwal. Malamin gona ne ke ƙoƙarin soka ƙarfensa. Ya gwada nan, ya gwada can, ya ɗago ƙarfen ya ga ya lanƙwashe. Ya taka zuwa itacen farko.

Ya ce, "Yaushe aka dasa waɗannan?"

"Shekaranjiya."

"Har sun yi 'ya'ya."

Na duba. Ga mangwaro uku nunannu suna reto a jikin reshen. Cikin sauri ban lura da su ba.

Na ce, "Sabon iri ne. Saiwarsa da ta ji ƙanshin abin da na ajiye mata a ƙasa, ba ta ɓata lokaci."

"Sunan irin fa?"

"Ba a sa masa ba tukuna."

Mai Shanu ya kutso ta cikin mutane. "Ni na san sunansa. Nawa ne. Ga tsumman da na ɗaure reshen da shi don kada nauyin 'ya'ya ya karya shi. Hannun tsohuwar rigata ne, ga ɗayan a gida."

"Tsumma ai duk kama suke yi."

Ban rufe baki ba sai ga wata akuya ta ratso. Ta kama ganyen itace na biyu ta ja, itacen gaba ɗaya ya biyo ta. Ta tsorata ta zura da gudu ta tsakiyar rumfa, tana jan bishiya guda a baki, fiƙaƙƙen gindin na karta ƙasa. Sauran awakin unguwa suka ga abin da sauƙi. Kafin a ce kore su, rabin lambuna ya watse cikin gari da ƙafa huɗu. Malamin gona ya tsugunna ya zare ɗaya da yatsa biyu, ya ɗaga wa jama'a tsinin.

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Wani ya faɗo daga kan kujera. Tsohuwa mai barkono tana share hawaye da gefen mayafi. Har matata na hango ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya taka a hankali zuwa tsakiyar filin, ya cire tabarau, ya ƙifta ido saboda hasken. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya dubi inda baƙin tsibin yake a da. Ya daɗe yana dubawa, har dariyar ta mutu da kanta.

Ya ce, "Ina ƙasata?"

Na ce, "Tana nan lafiya lau, Baba. A ajiye take."

"A ina?"

Na nuna ƙasan ƙafarsa. Da na ga yadda fuskarsa ta yi, sai bakina ya ci gaba ba da izinina ba. "Ka san mutanen kamfani, Baba, sai ka yi ta faɗa musu ba sa..."

Direba ya tako, ya karɓi lasifikar daga hannuna, ya kara wayarsa. Sai ga muryata ta cika gandu, tana gyara kanta, tana cewa baƙa a ƙasa, duwatsu su danne ta, duk abin da ya biyo baya a wuyana, ni Injiniya. Har wurin ƙasashen waje ya bari aka ji. Malamin gona ya mayar da takardarsa jaka. Ya ce wa Baba a hankali, bana kam ko ciyawa ba za ta fito a nan ba.

Baba ya ce a kawo masa kujera. Ya zauna a rana, ya ce, "Nuna min ita."

Na zaɓi gefen da na san ramin bai yi zurfi sosai ba, na kama dagi da diga da shebur. Ba wanda ya tafi gida. Na fasa jar da na sa aka danne sau sha biyu, ina tsine wa kowane ɗaya daga cikin sha biyun. Na iso duwatsu, na riƙa ciro su da hannu. Hular kwanon ta dame ni na jefar da ita waje, rigar ƙyallin ta bi ta. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Ramin ya kai gwiwata, ya kai ƙirjina, ya shanye kaina, sai ƙafafun mutane nake gani a sama. Lokaci-lokaci Mai Shanu zai leƙo ya tambaya ko na haɗu da saiwar masara a hanya.

Rana ta yi ja sannan shebur ya shige wani abu mai laushi. Na durƙusa na damƙo. Baƙa ce, amma ta dunƙule ta yi sanyi, tana warin rufaffen ɗaki. Na miƙa hannu sama, Auta ta karɓa ta kai masa.

Ban ga abin da ya faru ba, ina cikin rami. Auta ce ta faɗa min daga baya cewa ya kai ta kusa da idonsa ya daɗe yana kallo, ya murza, ya shinshina, sannan ya zuba ta a aljihun rigarsa ya tashi ya nufi gida shi kaɗai. Da ya zage ni a gaban mutanen nan da ya fi min sauƙi. A cikin ramin na zauna na yi kukan da rabona da shi tun ina yaro.

Na ji ana kwashe kujeru, ana kwance rumfa, ƙafafu na raguwa. Na yi ta kiran a miƙo min igiya. Can sai ga fuskar Auta a bakin ramin, igiya na saukowa. Na miƙa hannu da murna, sai na ga kwando ne ɗaure a bakinta.

Na ce, "Auta, ai ba zan shiga cikin wannan ba."

"Ba kai za a fitar ba, Yaya. Baba ya ce da kwando ya kawo ta gonar nan, da kwando za ka fito masa da ita. Cika, hannuna ya fara gajiya."

Na ɗauki shebur na fara cikawa.